Ranar da A-tu Ya Kira Shaidun Barcinsa

Ni ne akawun tashar motocin da ke hawan dutse daga garin Chiayi zuwa gonakin shayi, kuma tun da na kama aiki ban rubuta sunan direban da ya kai Chien Man-tu taurin kai ba. A-tu muke ce masa. Ɗan mai saran gora ne. Ya fara da motar katako, daga baya ya zo mana. Gajere ne mai kaurin wuya, haƙoransa jajur saboda binlan, wani ɗan itace da yake tauna kamar goro. Bai taɓa goga motarmu a jikin dutse ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka.

Matsalarsa minshari. Bayan abincin rana akan kashe fitilun ofis, kowa ya kifa kai a tebur ya ɗan runtsa, amma da A-tu ya fara, barcin kowa ya ƙare. Dariya muke yi, har ranar da ya yi gyangyaɗi a mahaɗar hanya, mota cike da fasinja. Likita ya ce maƙogwaronsa ne ke rufewa in yana barci, numfashi ya tsaya, shi ya sa barcin ba ya isarsa. Aka ba shi na'ura mai hura iska ta wani abin rufe hanci. Manaja Yen ya karɓe mukullin motar, ya ce sai ya fara amfani da na'urar.

"Takunkumi?" in ji A-tu. "Ni kare ne? Maigida, lokacin da na fara hawan dutsen nan ana goya ka."

Ya tura na'urar ƙarƙashin teburina, ya tafi wurin Gwaggo Lai, mai ɗori a gidan koyon dambe da ke bayan haikali. Mahaifinta ne ya ɗora ƙafar mahaifinsa. Ta yi ta murza masa wuya da muƙamuƙi da haƙarƙari, tana manna masa baƙin magani a ƙeya. Zan faɗi abin da na ji da kunnena: minsharin ya ragu.

Sai A-tu ya zo da sharaɗi. Zai yi barcin rana a tsakiyar ofis, gaban manaja. In ba a ji ƙara ba, a ba shi mukulli. Ya sayo wa kowa shinkafa da naman talotalo, ya kuma ɗauko Gwaggo Lai a babur ta zama shaidarsa.

"Akawu, buɗe kunnen nan naka," ya ce mini. "Ka rubuta da manyan baƙaƙe."

Aka kashe fitila. Ya miƙe a benci, nan da nan barci ya ɗauke shi. Ɗan gurnani kaɗan, sai shiru. Wani direba ya ɗaga mini babban yatsa. Manaja Yen ma ya fara laluben aljihu. Mu duka ƙarar muke saurare, domin ita ce ta dame mu shekara da shekaru.

Gwaggo Lai ba ta saurari komai ba. Ƙirjinsa take kallo. Ƙirjin na tasowa yana faɗawa, amma iska ba ta shiga, leɓensa ya fara duhu. Can ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ya sake yin shiru. Ta ɗaga tafin hannu ta ɗaɗa masa a cinya.

"Tashi, jakin dutse."

"Gwaggo, na ci?"

"Ka ci me? Shirun nan ba barci ba ne, shaƙewa ce. Na sassauta maka wuya, amma hannuna ba ya shiga maƙogwaro."

"Ni na kawo ki fa, a kan babur ɗina!"

"To ka mai da ni a ƙafa. Jikata na shiga motarka zuwa makaranta. Ba zan yi maka ƙarya ba."

A-tu ya zauna yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka zai ajiye aikin. Sai ya sunkuya ƙarƙashin teburina, ya jawo na'urar, ya kaɗe ƙura. Akwai direbobi a tasharmu da ke da irinta a gida, suna ɓoyewa kamar abin kunya. Shi kuwa ya cire wayar tukunyar shayin manaja daga bango, ya jona tasa, ya ɗaura abin a fuska a gaban kowa.

"Maigida," ya ce, muryarsa na fitowa ta cikin roba, "kada ka ɗauka kai ka sa ni. Tsohuwar nan ce. Kuma duk wanda ya yi dariya, na san abin da ke gefen gadonsa."

Babu wanda ya yi dariya. Bayan likita ya sake duba shi, aka mayar masa da mukulli. Har yau yana zuwa wurin Gwaggo Lai ta murza masa wuya, yana cewa aikinta ne, na'urar rakiya kawai take yi. Kullum bayan abincin rana kuwa, manaja ba ya shan shayi sai A-tu ya farka.