Gangar Gumin da Inna Ta Hana Ni

Mu uku ne muke gumin shinkafa a gidanmu: Inna, da yayata, da ni. Gidan yana bakin kanal, a kan hanyar da ta tashi daga Kura ta nufi Bunkure, inda kusan duk shekara ba a raba ƙofar gida da shanya. Aikin ba ɓoyayye ba ne. A wanke shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayinta, a jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, da safe a tsame a zuba a ganga a turara, a shanya, a kai inji. Kowace mace a unguwarmu haka take yi. Amma ka ba Baba mai inji cikin tafi ɗaya ya murza, zai gaya maka gidan da ta fito, wani lokaci har da wadda ta tsaya a kan wutar.

Ta yayata ja-ja take fitowa, mai sheƙi, ƙwaya a cike. Haka mai ita take. Yaya za ta ɗora ganga, ta rufe da buhu, ta ja kujera ta zauna tana tsifar kai, ba za ta ko leƙa ba sai tururi ya gama abin da zai yi. Ni kuwa Allah bai yi ni da zama ba. In na ɗora, na dinga ɗaga buhu ke nan ina leƙe, da na ga bakin ƙaiƙayi ya fara tsagewa sai in sauke. Wanki kuma sau uku nake yi, ba don an ce ba, don dai ba na iya tsayawa ina kallon ruwa ya yi baƙi. A wurin shanya in je in dawo ina jan shinkafar da ƙafa har maƙwabta su ce ko jinnu ne suka hau ni. Tawa fara take fitowa, kuma a gidanmu fari laifi ne.

Inna ta ba Yaya gangarta ta kanta tun kafin ta yi aure, bayan auren ma nan gida take zuwa ta yi guminta. Mai ganga buhunta daban ake ɗaurewa, a inji a ce na wance ne. Ni kuwa duk abin da na yi cikin na Inna yake shigewa. Gangar nan nake so, ina so har cikin raina, har na zaɓi wadda za a ba ni, wata mai lotsattsen kunne da ke jingine a bayan rumbu. Duk sanda na yi maganar amsa ɗaya ce.

"Sai hannunki ya zauna kamar na yayarki."

To, wani rani, bayan yankan shinkafa, na ce yau za a ga zama. Sati guda cur na zama Yaya. Na ari kujerarta, na rage wanki, na ɗora ganga na naɗe hannu. Allah ya sani na sha wuya. Ƙafafuna suna rawa, ina jin tururi yana huci kamar da ni yake, ina cije leɓe. Na ƙi leƙawa har sai da ƙaurin gindin ganga ya tashe ni. A shanya ma na kame a inuwa, na bar rana ta yi yadda ta ga dama.

Da muka kai inji, Baba ya ɗebo abin da ya zubo ya murza, ya duba, ya sake murzawa. Rabi ja, rabi toka-toka, ga karyayya.

"Wannan ba ta babarki ba ce, ba ta yayarki ba ce, ke ma ba taki ba ce," in ji shi. "Wa ya yi muku aiki?"

Na ji kamar in nutse. Na ɗora buhun a baro na turo, a hanya na yi kuka, kukan haushi, ina zagin kujerar Yaya da ba ta san ana yi ba.

Kwana biyu da haka sai ga wata mata a keke napep. 'Yar Filato ce, Kirista, tana dafa abinci a bakin titin Garun Mallam inda motocin Zariya suke tsayawa, kuma ta daɗe tana saye a wurin Inna. Inna ta buɗe mata buhu, matar ta tura hannu ta girgiza kai. Aka buɗe na biyu, haka.

"Mama, ba shi ba ne. Ina farin nan? Wanda in na dafa yana tashi wara-wara, direbobi suna ta tambaya. Shi na zo ɗauka."

Ina bakin murhu ina tura ƙaiƙayi, sai wani daɗi ya taso mini tun daga ƙafa. Ashe duk watannin nan matar tana tsince buhunan da na yi, ba wanda ya lura. Inna ta juyo ta kalle ni, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa matar ta dawo jibi.

"Ke," ta ce da ni bayan keken ya tafi, "jiƙa buhu biyu. Yi yadda kika saba, ina kallo."

Ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba. Na wanke sau uku, na ƙara na huɗu don neman magana. Washegari tun rana ba ta yi zafi ba na hura wuta, na ɗora, na shiga leƙena, ina tafe ina waƙa. Inna tana zaune a kan tabarma, kuma kowa ya san Inna ba ta iya ganin kuskure ta yi shiru. Da na kai hannu zan sauke, na ga bakinta ya motsa, ta buɗe shi ta rufe, ta kama gefen zaninta ta murɗe. Na sauke abina. A shanya na yi ta safa da marwa, da rana ta take na ja tamfol ɗin inuwar darbejiya, da ta yi sanyi na mayar. Yaya, da ta zo wuni, tana ta dariya tana cewa a ɗaure ni kada in faɗa kanal.

Ranar kaiwa inji Inna ta yafa mayafi ta ce da ita za a je, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Layi ya yi tsawo, na kasa tsayuwa wuri ɗaya, na zagaya injin ya fi a ƙirga. Da aka juye tawa, inji ya ɗauki ƙara, na tsuguna a bakin mazubi ina addu'a. Sai ga ta tana kwarara, fara tas, ƙwaya a miƙe, karyayyar ba ta taka kara ta karya ba. Na tara hannu biyu, da ɗuminta, na rasa wa zan fara nuna wa.

Baba ya leƙo ya ce, "Yauwa, mai ita ta dawo."

Inna ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza, ta ɗauki wata ta ɗaga ta a rana. Ta ce wa Baba daga yau a daina haɗa buhuna da nata. Ni dai ban san sanda na rungume ta a gaban mutane ba, ta ture ni tana cewa ba ni da kunya.

Na sha tunanin abin nan daga baya, musamman da na haifi nawa na ga kowanne da irin hannunsa. Ruwa ɗaya muke ɗiba daga kanal, gona ɗaya, wuta ɗaya, uwa ɗaya ta koya mana, amma halin kowa sai ya bi tururi ya shiga ƙwayar. Abin da aka yi ta yi mini faɗa a kai tun ina ƙarama, shi ne dai matar Garun Mallam ta hawo keke ta zo nema.

Da muka dawo gida Inna da kanta ta gangaro da gangar daga bayan rumbu, ta kafa mini duwatsun murhu a ɗaya gefen tsakar gida. Tana durƙushe tana gyara dutsen, ba ta kalle ni ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ni ma tawa fara ce da, ta fi taki. Kakarki ta ce gaggawa ce, ta zaunar da ni a kujera har na iya zama. Yanzu ko na so ba ta fitowa."

Murnar ta koma ciki, tausayinta ya kama ni. Ta miƙe ta karkaɗe zani, ta ce in je in ɗebo ruwa kafin a rufe kanal.