Mahasin Mai Tsintsiyar Tashar Hadayik

Kafin jirgin farko ya iso daga Helwan, Mahasin ta riga ta share dandamalin tashar Hadayik el-Maadi a birnin Alƙahira. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ake ce masa, amma a unguwarmu a sarari yake gudu. Tun fentin tashar yana sabo take nan. An sauya ƙofofin tikiti, an sauya shugabanni, ban ga mai kewarsu ba. A watan nan ita za ta ajiye aiki.

Bahaushiyar Sudan ce, hanyar Makka ta ajiye kakanninta a can. Tsayuwarta kullum daidai inda taragon mata ke tsayawa. Mutanenmu sababbin zuwa sukan tura mace ciki, miji ya shiga wani taragon, ya sauka abinsa yana zaton za ta gan shi. Ita ba Larabci, sai ƙarshen layi. Mahasin kan damƙa irinta a hannun wata Bamisiriya: "Amana ce, sauke ta a Sayyida Zainab."

Da mantuwa ta kama matata Dije, takan sulale ta nufi tasha, wai za ta Kano. Likitoci sun ba ni sunan ciwon da harsuna uku. Mahasin benci ta ba ta.

"Yaya, na Kano bai zo ba tukuna. Zauna, ga shayi."

Wata Talata cunkoso ya tura Dije cikin jirgi. Mai sayar da jarida ya shaida: Mahasin ta yar da tsintsiya, ta faɗa cikin jirgin, ƙofar tana rufewa. Alƙahira gari ne da ke haɗiye mai hankali ma. Ina zaune a bencin har la'asar, sai ga su hannu da hannu.

"Ma'alish, yi haƙuri, Malam," in ji Mahasin. "Mun je Kano, ba mu tarar da kowa a gida ba."

Ke ce inuwar baƙuwa, Mahasin. Na karanta tarihin gine-ginen birnin nan, duk sunan masu yanke ƙyallen bikin buɗewa ne a ciki. Na gode, Allah Ya saka miki. Wanda zai gaji tsintsiyar, ya gaji idonki.

Dije a kan gadonta ta cika, hannunta cikin nawa. Na san inda kabarinta yake, kuma saboda ke ne.