Wai Konni Ƙasar Waje Ce

Don Allah ku gaya mini, tun yaushe Konni ta zama ƙasar waje?

Jiya na kai takardun yayana Bashar ofishin inshora. Walda yake yi a Unguwar Rogo, shekara uku yana biyansu. Aikin ƙofofi ya kai shi Konni, injin yankan ƙarfe ya tsinka masa jijiyar hannu. Likita ya ce in ba a yi aiki satin nan ba, hannun ya tafi.

Ma'aikacin ya turo mini takardar.

"Malam, wannan a Nijar ya faru. Ba ma biya."

Na ce, "Yallaɓai, Konni fa. Can kakarmu take, da babur muke zuwa."

Ya ce, "Ko da ƙafa kuke zuwa, duba shafi na tara."

Na duba, wallahi sharaɗin yana nan. Can Konni kuma hukumomi sun ce shi baƙo ne, ba za su taimaka ba, alhali harajin sana'a ba su taɓa ƙin karɓa ba.

Kai da ka sayar masa da inshorar nan, ka san bai yi boko ba. Fito nan gaban jama'a ka faɗa mana abin da ya hana ka karanta masa shafin.