Matar da Ta Buɗe Mana Kwanon Hiye

Hazo bai gama sauka daga duwatsun Iwate ba za ka hango Tsuyako Oikawa durƙushe a gonar gwaji, da ɗan hantsaki a hannu. Furen geron hiye bai kai kan allura ba, kuma ba ya jiran mai barci. Tana ɗaukar garin wannan fure ta kai wa wancan, ta rufa wa zangarniya 'yar jakar takarda. Daga nesa sai ka ce fararen tsuntsaye ne suka sauka suna mafarki.

Bana za ta ajiye aiki, shi ya sa nake magana. Ba na yabon mutum a banza.

Mu da muka tashi da hiye mun san kunyarsa. Abincin wanda gonarsa ta ƙi shinkafa ne. Yaro a makaranta da murfi yake kare kwanonsa, kada a ga abin da ke ciki. Don haka da Tsuyako ta zo ƙauyenmu neman tsohon iri kafin ya ɓace, kowane gida amsa ɗaya: mu shinkafa muke ci.

Ba ta yi musu ba. Ta zauna a dandamalin maƙwabcina, tsoho Gonjiro, ta buɗe kwanonta, hiye zalla, tana ci kowa na gani.

Gonjiro ya ce, "'Yar nan, gwamnati ba ta biyanki ne?"

Ta ce, "Tana biya, Baba. Ɗanɗanon na kakata nake nema, na rasa."

"Wannan ai abincin kaji ne. Tashi ki ga na mutane."

Ya buɗe rumbun da ubansa ya hana taɓawa sai ranar yunwa, ga shi cike da tsohon irin hiye. Kashegari mata suka riƙa zuwa, kowacce da ɗan ƙullin iri a hannun riga.

Daga waɗannan ƙulle-ƙulle ta fitar da iri gajere, wanda iska ba ta kwantarwa. Shekarar da sanyin teku ya hana shinkafa ƙwaya, shi kaɗai ya tsaya, yana kaɗawa cikin hazo.

Tsuyako, ke ce mai aurar da fure da fure. Ke kika ci abincinmu a fili lokacin da muke ɓoye shi. Mun gode.

Ku matasa, ku daina raina abin da ya raya kakanninku, ku je ku durƙusa inda ta durƙusa. Jiya na leƙa makarantar jikata ana cin abincin rana. Hiye ne a kwanonta, murfin kuwa yana can gefe a kife.