Buhunan Takardun Baffa

Nata'ala, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sauraron ƙarfe. In inji yana aiki sai ya karkata kai, ya lumshe ido, ya faɗi inda ciwon yake. Gyaran injinan niƙa da markaɗe yake yi, a wata rumfa da yayansa Garba ya ara masa a Ƙofar Wambai.

A 1999, watan da sojoji suka miƙa mulki, wata masana'anta a Bompai ta rufe, aka yi gwanjon kayanta. Jama'a na ta musun siyasa a bakin rediyo, shi kuwa ya tafi ya sayo wani tsohon injin sassaƙar ƙarfe, irin wanda kansa ke kai-komo yana fere ƙarfe kamar rake. Ƙarti goma sha biyu ne suka turo shi cikin rumfar a kan bututu.

Da aka ba shi wuta ya tashi, amma akwai ƙwanƙwasa a cikinsa, kuma kan yana zarce iyaka. Wuƙar sassaƙa biyu ya karya a yini guda. Nata'ala ya kashe shi, ya ce ba zai matsa wa dattijo ba alhali bai san abin da ke damunsa ba, sai an samo littafin da aka kawo shi da shi. Garba kuwa ya ga injin ya cinye wurin da yake ajiye kayansa. Ya ce in damina ta wuce bai yi aiki ba, 'yan gwangwan za su farfasa shi su auna.

Babu inda Nata'ala bai je ba. Ya bi masu tsofaffin littattafai a Kurmi, ya je makarantar koyon sana'a, ya nemo tsohon manajan kamfanin da akawunsa, duk suka ce ba su san inda takardu suka shiga ba. Amininsa Isiyaku tela, wanda ya gama firamare, ya rubuta masa wasiƙa zuwa Ingila da adireshin da ke jikin injin. Bayan mako bakwai ta dawo ba a buɗe ba.

Ruwa ya fara janyewa ran da Hajo, wadda a da take sayar da abinci a bakin kamfanin, ta zo gyaran injin markaɗenta. Ta ji labarin, ta yi dariya.

"Nata'ala, ka gama bin masu takalmi sau-ciki. Ka tambayi mai gadi?"

Bai taɓa tunanin haka ba, don Baffa mai gadi ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko. Nata'ala da Isiyaku suka same shi a soron gidansa a Jakara. Ashe ran da aka kwashe ofis, a tsakar fili aka zubar da takardu, ana ta tattakawa. Baffa ya kasa jurewa, ya tsince su a buhu huɗu, ya rataye a jikin azara.

"Ban san me ke ciki ba, ɗana," in ji shi. "Amma rubutu ne. Wa ya sani ko da sunan Allah a wani layin?"

Kwana uku suna zuwa bayan la'asar. A buhu na uku, ƙarƙashin takardun hutu, Isiyaku ya zaro wani littafi mai koren bango, duk tabon mai, da hoton injin a gaba. Nata'ala ya karɓa da hannu biyu. Sannan ya riƙe hannun tsohon ya ƙi saki. Baffa ya tambaya ko akwai sunan Allah a ciki, Isiyaku ya duba ya ce babu, sai awo da zane.

"Bar shi, Baba," in ji Nata'ala. "Ni zan riƙa ambata a kansa."

Abin da ya hana su barci wata huɗu, ashe noti ne guda a bayan wata 'yar ƙofa, mai rage tsawon tafiyar kan, da ramin zuba mai da aka shafe da fenti. Ƙwanƙwasar ta ɗauke. Aikin farko da injin ya yi na Hajo ne, kuma bai karɓi komai ba. Garba ya tsaya yana kallo, ya ce ai shi dama ya san zai yi.

Tun daga nan duk Juma'a Nata'ala yake zuwa gaida Baffa, har tsohon ya rasu. Duk mai irin injin da ya zo, daga Zariya ko Gusau, sai ya ba shi littafin ya kwafa. Kuma a rumfar nan ba a taka takarda, ko ta ƙunshin ƙosai ce.

Bara ciwo na kwana tara ya ɗauke Nata'ala. Bayan sadakar uku 'yan gwangwan suka zo taya injin, Garba da kansa ya ce ba na sayarwa ba ne, ya raka su har bakin titi. Anas, ɗan Nata'ala, ke aiki da shi yanzu. Isiyaku yakan biyo ta wajen da safe, ya tsaya ya karkata kai, ko da yake shi bai taɓa iya jin abin da Nata'ala yake ji ba.