Ranar da Gunvor Ta Sallami Jirgin da Za Ta Shiga

A tsibirinmu da ke arewacin Norway, jirgin fito ba ya tsayawa sai da hannun Gunvor, ba ya kuma tashi sai da shi. Tun tana budurwa ta gaji aikin daga mahaifinta. Idan jirgi ya doso dakalin tasha, sai a wurgo mata siririyar igiya mai dunƙulen ƙulli a baki, ta cafe, ta jawo kakkaurar igiyar da ke biye da ita, ta zarga a turken ƙarfe. Ta goshi ake fara ɗaurewa, sannan ta baya. Wurin tashi kuwa, matuƙi zai ɗaga hannu, a sassauta, ita ta zare igiyoyin ta sake su cikin ruwa, ta tsaya tana ɗaga wa matafiya hannu har jirgi ya ɓace bayan duwatsu.

Saboda haka duk wanda ya taɓa barin tsibirin, Gunvor ce ta sallame shi, ita kuwa ba ta zuwa ko'ina. Matuƙin, Oddvar, ajinsu ɗaya a makaranta, kuma har suka yi furfura ba su daina tsokanar juna ba. Uwar Turke yake kiranta. Ita kuma takan ce yana jingina jirgi kamar mai jin haushin dakali.

Wata bazara 'yarta Ragnhild ta haihu a babban gari, hayin teku. Aka sa ranar Lahadi za a yi wa jaririyar baftisma a raɗa mata suna Gunvor, kuma kakar ce za ta riƙe ta a gaban coci. Aka gayyaci tsibirin gaba ɗaya, da ma ba mu da yawa. Jirgin Lahadi kuwa sau ɗaya yake tashi.

Da safe Gunvor ta fito cikin rigar biki mai maɓallan azurfa, ta ba ni kwandon waina in shigar mata. Kowa ya shiga. Oddvar ya ɗaga hannu, Gunvor ta zare igiyar baya, ta zare ta goshi, ta tsaya tana ɗaga mana hannu. Mu ma muka yi ta ɗaga mata. Babu wanda ya ga wani abin mamaki, domin haka muka saba ganin dakalin tun muna yara.

Mun kusa duwatsu tsohuwa Aslaug ta dubi cinyata ta ce, "Malam, wannan kwandon fa na wa?"

Muka waiwaya gaba ɗaya. Can ga Gunvor, hannunta ya sandare a sama.

Oddvar ya juya jirgi yana dariya har da hawaye. Da muka matso ya leƙo ta taga. "Uwar Turke! Wainar ce za ta riƙe jikar taki?"

"Rufe mini baki, tsoho!" in ji ta, tana cafe igiya. "Jirgi cike da mutane, ba mai ido ko ɗaya!"

Sai matsalar gaske ta bayyana. Ruwa na ja da ƙarfi, jirgi ba zai tsaya ba ɗauri har mace mai doguwar riga ta tsallaka, kuma duk wanda ya kwance shi, a dakali zai kwana. Maƙwabcinta Aksel ya ce shi zai sauka, da ma wa'azi barci yake sa shi. Gunvor ta ce bai isa ba, Ragnhild kowa ta gayyata.

Oddvar ya ce, "To kada ki zarga. Zagaya turken da igiyar ki miƙo mana bakinta, mu sake ta daga cikin jirgi."

Ta san wannan ɗaurin sarai, ba ta dai taɓa son sa ba. Ta ɓata rai ta ce, "Ai wannan na waɗanda ba su da kowa a gaɓa ne."

"Yau ba mu da kowa a gaɓa. Duk namu suna ciki, saura ke."

Sai ta zagaya turken da igiyar, ta tattare riga ta tsallako. Da hannunta ta saki bakin, igiya ta sulale ta bayan turke ta biyo mu. Aka ɗauki tafi. Ita dai ta tsaya tana kallon dakalin, ta ce ashe ƙarami ne haka.

Mun shiga coci ana tsakiyar waƙar farko. Ragnhild ta ce, "Inna, har na fid da rai," ta ɗora mata jaririyar. Da limamin coci ya ɗaga hannu zai sa albarka, Oddvar ya sunkuyo daga baya ya raɗa mata, "Uwar Turke, wannan fa ba a sakinta."

Gunvor ta ƙara rungume takwararta, kafaɗunta na rawa don dariya.