Kududdufin Bayan Gidanmu

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ɗan abin da na sani a bakin tsofaffi na tsince shi, mafi yawa a bakin Dada, mahaifiyar babanmu, a gidanmu na Ƙofar Dumi. In an idar da isha'i sai mu kewaye ta a gindin murhu, tana tura ɗanyen ganye cikin garwashi don hayaƙi ya kori sauro, mu kuma muna jiran ta buɗe baki.

Dada Bafulatana ce mai alkunya. Babanmu ɗan farinta ne, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa.

A shekarar da nake ba ku labari ruwan sama ya yi jinkiri. Rijiyoyin unguwa suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, tamu kaɗai ta rage, ita ma sai da aka ƙara igiya, guga ya fito rabi, ruwan ja kamar kunun kanwa. Tun asuba matan maƙwabta ke cika tsakar gidanmu da tuluna, kowacce na leƙen tulun 'yar'uwarta.

Bayan katangarmu kuwa akwai kududdufi, ramin da kakanni suka haƙi ƙasar gina gidanmu. Kore ne, ga wari, ga kwaɗi. A daminar da ta gabata ƙanwata Asabe ta faɗa ciki, wani mai wanki ya tsamo ta, aka kifa ta tana aman ruwa. Ranar Baba ya rantse da Allah sai ya cike ramin nan. Ya jira har bazara ta janye ruwansa, sannan ya shirya da masu jakuna su fara kawo ƙasa washegari.

Daren nan ba wanda ya yi dariya a gidan. Baba baduku ne, yana zaune bayan zana a ƙofar ɗakinsa yana ɗinkin fata, muna jin ƙarar basillarsa. Dada ta ja tabarmarta, ta matsa jikin zanar, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Ke Hajara, mai kunnen ƙashi, matso nan,” ta ce mini. “Ga wata nan tafe gare ku, mai kunne ya tare ta.”

Muka ce ta zo mu ji ta.

Ta ce a wani gari an yi wata yarinya kyakkyawa mai ƙwarya ɗaya. Duk wanda ƙishi ya kama, in ya je wurinta sai ta miƙa masa, ya sha ya ƙoshi, ƙwaryar ba ta raguwa. A bayan garin kuma akwai wata tsohuwa mai tsumma, mai wari, kwaɗi na tsalle a zaninta, ba mai gaishe ta. Abin da mutanen garin ba su sani ba, tsohuwar nan ita ta haifi yarinyar. 'Yar fari ce, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba. Duk abin da tsohuwa ta tara da damina, ta ƙarƙashin ƙasa take miƙa wa 'yarta, kaɗan-kaɗan, ba wanda ya gani. Rannan sai mutanen gari suka ce tsohuwa ta ishe su da ƙazanta, suka ɗauko ƙasa suka binne ta da ranta.

Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba. Na ce, “Dada, to ai tsohuwar tana cin yara.”

Innarmu ta mintsine ni. Ƙarar basilla ta tsaya.

Dada ta dubi garwashi ta ce, “Wannan ma yana ci. Kin ga an daina hura shi? Yaro ake janyewa.”

Sai muka ji muryar Baba daga bayan zana, ƙasa-ƙasa, kamar da Innarmu yake. “'Yata na ɗauko a hannuna kamar jiƙaƙƙen tsumma. Kuma na riga na rantse.”

Dada ba ta juya ba. Ni ta kalla. “Hajara, rantsuwa tana da kaffara. Ki tambayi malaman unguwar nan, ko akwai wanda ya san kaffarar rijiya in ta mutu.”

Asabe ta ce, “To yarinyar fa?”

“Ta rame,” in ji Dada. “Ƙwarya ta tsage. Aka yi ta tambaya wa ya yi mata sammu.”

Ba ta rufe tatsuniyar da kan ɓera ba kamar kullum. Ta naɗe tabarma ta shige ɗaki.

Da safe kukan jakuna ya tashe mu. Na leƙa ta kan katanga. Ga mangaloli cike da jar ƙasa, ga Baba tsaye a bakin ramin, hannu a baya. Babban masu jakunan ya ce, “Malam, mu zuba ne? Rana na yi.” Sai Baba ya nuna musu gefe, ya ce su sauke a tudu. Da ƙasar nan aka kwaɓa aka ja gajeriyar katanga ta tare hanyar da yara ke bi, aka jera ƙaya a kai. Baba kuma da yake ba shi da halin ciyarwa, ya ɗauki azumin kaffara a cikin wannan zafi, leɓensa duk ya tsattsage. Dada ba ta ce masa sannu ba. Amma kullum da magariba ita da kanta take tace ruwan buɗa-bakinsa da farin ƙyalle, ta ba ni in kai.

Rijiyarmu ta kai mu har saukar ruwa, da ƙyar, mu da unguwa.

A lokacin na ɗauka Dada ta yi nasara ne kawai. Sai da na tsufa na gane abin da take tsoro: mutum yana sanin darajar abin da yake sha, amma ba ya sanin darajar abin da ke shayar da shi, musamman in mummuna ne. Bayan rasuwar Baba magada suka sayar da filin, aka cike ramin, aka jera shaguna. Ban iya hanawa ba, na dai faɗa, aka ce zancen tsofaffi ne. Rijiyar ba ta daɗe ba ta bi bayan ramin, yanzu tsohon kwanon rufi ne a bakinta da dutse a kai. Ruwan sama kuma da ya rasa masauƙinsa, ɗakunanmu yake nema.

Da rani mu tsaya a ƙofar gida muna kiran mai kurar ruwa mu saya. Da damina mu kwashe shi daga ƙarƙashin gado da kwanon tuwo.